Farfesa Ya Ce Raba, Dakta Ta Ce Haɗa: Ina Majiyoyin Hotuna Za Su Zauna a Kundi?

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce da ke rubuta kundin digiri na biyu a fannin tarihin gine-gine, kuma saura mako shida in miƙa shi. A cikin kundin akwai hotuna da zane-zane da taswirori 64. Wasu ni na ɗauka da kaina, wasu na kwafo daga littattafai, wasu daga shafukan gidajen tarihi na intanet, akwai kuma taswirorin da na sake zanawa bisa na wasu. Farfesan da ke jagorantar aikin ya ce in ware majiyoyin hotuna a jeri na daban, domin sun cunkushe manazarta. Da na yi haka, Daktar da ke taimaka masa wajen duba aikin ta bi shafin da jan biro, ta ce tsarin APA, ɗaya daga cikin ƙa'idojin rubuta majiyoyi, sashenmu yake bi, shi kuwa jeri ɗaya ya sani. Da na mayar, Farfesa ya tambaye ni ko ban ji abin da ya ce ba ne. Sau biyu ke nan ina warwarewa ina sake saƙawa, kuma ina jin kamar kowannensu yana ganin na raina shi. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, akwai hotuna tara da na sauko da su daga intanet tun shekarar farko, na manta inda na samo su. Wata ƙawata ta ce in rubuta "Google" a ƙarƙashinsu, ko in ce ni na ɗauka, tunda ba wanda zai bincika. Barci ya ƙaurace mini. Yaya zan yi?

Daga ɗalibar da ke tsaka mai wuya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na karanta wasiƙarki, kuma na fahimci cewa ba yawan aikin ne ya hana ki barci ba, a'a, zama tsakanin manya biyu waɗanda ba ki da ikon ce wa ɗayansu ya yi kuskure, alhali sa hannunsu duka kike buƙata. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma ba ke kika jawo ta ba. Sai dai a ganina kin ɗauki ƙaramar matsalar da girma, kin kuma ɓoye babbar a ƙarshen wasiƙa. Saɓanin Farfesa da Dakta abu ne da zama ɗaya zai iya warware shi. Hotunan nan tara su ne za su iya yi miki illa idan kika bi shawarar ƙawarki, kuma zan zo kansu.

Ina kyautata zaton malaman naki ba a kan abu ɗaya suke magana ba, domin abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa a wannan batu. Akwai jerin hotuna da ke zuwa a farkon kundi, bayan ƙunshiya, wanda aikinsa kawai ya ce hoto na kaza, mai take kaza, yana shafi na kaza. Wannan ba ya faɗin inda aka samo komai. Akwai bayanin da ake rubutawa a jikin hoton kansa, a samansa ko a ƙasansa, inda ake nuna lambarsa da takensa da wanda ya samar da shi. Sannan akwai cikakken bayanin majiya a ƙarshen kundi, wanda zai sa mai karatu ya iya tashi ya je ya nemo ainihin abin da kika gani. Idan Farfesa ya ce "raba", na ukun yake nufi, kuma damuwarsa ita ce mai neman tushen hoto kada ya ɓata cikin sunayen marubuta. Idan Dakta ta ce "haɗa", manazarta take karewa, kada mai neman littafi ya rasa jerin da zai duba.

Dakta tana da hujja, kuma ya kamata ki san ta sosai kafin ki koma wurinta. A bugu na 7 na jagorar APA, wanda ya fito a 2019, manazarta jeri ɗaya ce da aka tsara bisa haruffan sunayen marubuta. Hoton da aka ɗauko daga aikin wani, ko aka sake fasalinsa, ana rubuta masa bayanin haƙƙin mallaka a ƙarƙashinsa, sannan majiyarsa ta shiga cikin wannan jeri guda tare da littattafai da maƙalu. Dalilin ba son wahalar da ɗalibi ba ne. A tsarin da ake ambaton marubuci da shekara a cikin rubutu, mai karatun da ya ga "Wane, 1998" yana buƙatar wuri ɗaya tak da zai je ya bi haruffa ya same shi. Da zarar an tsaga jerin gida biyu, ko wanne da nasa tsarin haruffa, to sai ya yi ta laluben ko Wane yana nan ko yana can, kuma mai jarrabawa na waje da ya duba jeri ɗaya bai gan shi ba zai iya rubuta cewa kin ambaci aikin da ba ki kawo shi a manazarta ba.

Shi ma Farfesa ba daga kansa ya ƙirƙiro maganarsa ba. A fannonin da hoto yake zama shaida, ba ado ba, irin su tarihin zane-zane da gine-gine da nazarin kayan tarihi, an saba ware majiyoyin hotuna, kuma idan kika buɗe ƙarshen littattafan fanninki za ki tarar da yawa daga cikinsu suna da shafi na musamman don wannan. Tsarin Chicago, wata ƙa'idar rubuta majiyoyi kamar APA, ya yarda a kasa manazarta kashi-kashi idan hakan zai taimaki mai karatu, ya kuma yarda a tattara bayanan masu haƙƙin hotuna wuri ɗaya maimakon a bar su a ƙarƙashin kowane hoto. Tsarin MLA, a bugunsa na 9 na 2021, cewa ya yi idan bayanin da ke jikin hoto ya cika, kuma ba a ambaci majiyar a cikin rubutu ba, to babu buƙatar sake kawo ta a jerin ƙarshe. Ban da haka, abin da hoto yake buƙata ya sha bamban da abin da littafi yake buƙata. Littafi sunan marubuci da shekara da take da maɗaba'a sun wadatar da shi. Hoton tsohuwar ƙofa da ke gidan tarihi kuwa yana son a faɗi wanda ya sassaƙa ta idan an sani, da zamaninta, da abin da aka yi ta da shi, da gidan da ke ajiye da ita, da lambar ajiyarta, da wanda ya ɗauki hoton, da sharaɗin amfani da shi. Da yawa daga irin waɗannan ba su da sunan mai su, sai su taru a manazarta a ƙarƙashin sunayen hukumomi ko takensu, su raba littattafan da ya kamata su bi juna. Cunkoson da Farfesa ya gani ke nan, kuma ya gani daidai.

Amma kafin ki auna wace hujja ta fi nauyi, ki je ki nemo takardar ƙa'idojin rubuta kundi ta makarantarku, wadda ofishin karatun gaba da digirin farko ko sashenku yake bayarwa. Ita ce alƙali, domin da ita za a auna kundinki a ranar karɓa, ba da ra'ayin kowa ba. Ki nemi ta bana, ba wadda aka gada daga ɗaliban da suka wuce ba, ki karanta abin da ta ce a kan hotuna da manazarta da rataye. Sau da yawa sashe yakan ce yana bin APA, alhali ya ƙara nasa gyare-gyare a kai. Wanda ake kira tsarin Harvard ma ba shi da wata jagora guda da kowa ya yarda da ita, kowace jami'a da irin nata. Idan takardar ta yanke hukunci a fili, an gama, kuma ba ke kika zaɓi ɓangare ba, takarda ce ta yi magana. Idan ta yi shiru, wanda shi na fi zato, to ga abin da zan yi da ni ne ke.

Ki bar manazarta jeri ɗaya, bisa haruffa, kamar yadda Dakta take so, kuma duk aikin da kika ambata a cikin rubutu ya kasance a ciki. Bayanta ki buɗe shafi mai take "Majiyoyin Hotuna", amma kada ki tsara shi bisa haruffa. Ki tsara shi bisa lambar hoto, daga na 1 zuwa na 64. Wannan shi ne sirrin abin, domin mai neman tushen hoto ba sunan marubuci yake riƙe da shi ba, lambar hoton da ke gabansa yake riƙe da ita. Ta haka sabon jerin bai zama kishiyar manazarta ba, ya zama mabuɗin da ke kai mutum daga hoto zuwa tushensa, kuma inda tushen littafi ne sai ya miƙa shi ga manazarta.

Bari in nuna miki yadda zai kasance da irin hotunanki huɗu. Wanda kika kwafo daga littafi, layi ɗaya ya ishe shi: "Hoto na 12: daga Wane (1998), shafi na 88." Cikakken bayanin littafin yana manazarta, ba sai an maimaita ba. Wannan yana warware tambayar da ɗalibai suke yawan tuntuɓe a kanta, wato littafin da aka ɗauki magana daga cikinsa aka kuma ɗauki hoto a wane jeri zai zauna: sau ɗaya zai zauna, a manazarta, jerin majiyoyin hotuna kuwa nuni kawai zai yi gare shi. Taswirar da kika sake zanawa za ta ce: "Hoto na 20: zanen mai bincike, bisa taswirar Wance (2005), shafi na 41." Kalmar "bisa" tana da muhimmanci, domin sake zana abu da hannunki bai mayar da bayanan da ke cikinsa naki ba. Wanda kika ɗauka da kanki zai ce: "Hoto na 31: ɗaukar mai bincike," tare da wuri da wata da shekara, kuma ba ya shiga manazarta ko kaɗan, tunda babu inda wani zai je ya nemo shi sai wurinki. Na gidajen tarihi su ne za su ci wuri, a nan za ki kawo sunan abin da zamaninsa da lambar ajiyarsa da adireshin shafin da sharaɗin amfani. Idan kin tattauna irin wannan hoto a cikin rubutu, kin kafa hujja da shi, to ya zama majiya kamar kowace, ki sa shi a manazarta ma don ki cika sharaɗin APA. A jikin kowane hoto kuma ki bar gajeren bayanin majiya, domin hoto yakan yi yawo shi kaɗai idan wani ya kwafi shafi.

Idan Dakta ta ce har yanzu ba ta son wani jeri ya biyo bayan manazarta, ki mayar da shi rataye, ki ba shi lamba kamar sauran ratayen, domin ba tsarin da ya hana ɗalibi kawo jadawali a rataye. Idan kuma Farfesa ya dage cewa majiyoyin gidajen tarihi su fita daga manazarta ɗungum, kuma takardar makaranta ba ta hana ba, ki yarda, amma ki rubuta jimla ɗaya a saman manazarta da ke sanar da mai karatu cewa majiyoyin hotuna suna shafi na kaza.

Yanzu batun mutanen biyu. Kuskuren da kika yi, kuma kusan kowane ɗalibi yana yin sa, shi ne kin zama 'yar aike, kina ɗaukar maganar wannan ki kai wa wancan ta hanyar gyaran da kika yi, kowannensu kuma abin da yake gani kawai shi ne an rushe umarninsa. Mai yiwuwa ne har yau Farfesa bai san Dakta ce ta sa kika mayar ba, ita ma ba ta san shi ya fara cewa a raba ba. Kada ki sake taɓa kundin gaba ɗaya a karo na uku. Ki shirya samfuri na shafi biyu kawai, ɗaya na manazarta, ɗaya na majiyoyin hotuna goma na farko, ki haɗa da shafin takardar ƙa'idoji da ya shafi batun, ki aika musu a saƙo ɗaya, sunayensu duka a sama. Ki rubuta cikin ladabi cewa kin sami gyara iri biyu a kan wannan sashe, kin yi ƙoƙarin haɗa manufar kowanne a wannan samfuri, kina roƙon su dube shi su ba ki matsaya guda kafin rana kaza, domin ki yi aikin sau ɗaya. Kada ki rubuta "Farfesa ya ce, amma Dakta ta ce", domin wannan yana sa kowa ya tashi kare matsayinsa. Idan sun ci gaba da saɓawa, a al'adar jami'o'i babban mai duba aiki shi ke da magana ta ƙarshe, amma shi ya kamata ya gaya wa abokiyar aikinsa, ba ke ba. Ki roƙe shi ya yi hakan. Duk matsayar da aka cim ma, ki adana ta a rubuce. Ban ga alamar raini a abin da kika yi ba, kuma ina zaton su ma da sun ga saƙon za su gane cewa biyayya ce ta yi miki yawa.

Sai hotuna tara. Shawarar ƙawarki kashi biyu ce, ɗaya rauni ne, ɗaya kuwa laifi. Rubuta "Google" rauni ne, domin Google ba ya ɗaukar hoto, hanya ce kawai da ta kai ki wurin mai hoton, kamar mutum ya ce majiyarsa ita ce kantar da ya ɗauko littafi a kanta. Cewa ke kika ɗauka kuwa ƙarya ce a cikin aikin ilimi, kuma satar fasaha ce ko da babu kalma ɗaya da aka kwafa. Batun ba wanda zai bincika ma ba haka yake ba: kundaye da yawa yanzu ana ɗora su a rumbun jami'a na intanet, kuma gano asalin hoto aikin daƙiƙu ne. Wannan sauƙin kuwa ke zai fara amfana. Ki ɗora kowane hoto a Google Lens ko TinEye, waɗanda ke nemo shafukan da hoto ya bayyana a cikinsu, ki bi su har ki kai ga mafi asali, ba wanda ya kwafa daga wani ba. Ki duba sunan fayil ɗin da bayanan da ke cikinsa a kwamfutarki, wani lokaci sunan mai ɗauka ko ranar da kika sauko da shi suna nan. Idan kin tuna shafin amma ya mutu, Wayback Machine na Internet Archive yakan ajiye tsofaffin shafuka. Ki ba wannan aiki kwana biyu, kada ya wuce. Wanda aka gano, ya shiga jeri. Wanda ba a gano ba, ki tambayi kanki ko hujjarki za ta faɗi in babu shi. Yawanci ba za ta faɗi ba, sai ki cire shi. In kuwa dole ne, ki nemi madadinsa a Wikimedia Commons, rumbun hotuna na kyauta a intanet, ko a gidajen tarihin da suka saki hotunansu kyauta, kamar gidan tarihi na Metropolitan da ke New York, wanda tun 2017 ya buɗe hotunan kayansa da suka fita daga haƙƙin mallaka ga kowa. Ki kuma gaya wa Farfesa a taƙaice cewa kin cire hotuna kaza domin ba ki tabbatar da tushensu ba. Wannan magana daraja za ta ƙara miki a idonsa.

Akwai abu ɗaya da nake so ki riƙe yayin da kike cike jerin: ambaton majiya daban, izinin amfani daban. Gini yana iya shekara ɗari biyar, amma hoton da wani ya ɗauke shi bara yana da mai shi. A ƙasashe da yawa haƙƙin mallaka yana ɗorewa shekara 70 bayan rasuwar mai aikin, a wasu 50, kuma sassaucin da doka take yi wa aikin ilimi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka ma'aikatan laburaren jami'arku su ne za su gaya miki abin da ake bi idan za a ɗora kundin a intanet. Hotunan da ke ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda mai aiki yake ba jama'a izinin amfani da aikinsa da shi, suna da sauƙi: ki kawo take da sunan mai shi da inda aka samo da nau'in lasisin, ki kuma faɗa idan kin yanke ko kin canza wani abu.

Ba ki faɗi manhajar da kike rubutu da ita ba. Idan Word ce tare da Zotero, manhajar tsara majiyoyi, ki sani manazarta ɗaya take fitarwa a kowace takarda, wanda ya yi daidai da tsarin da na ba ki: ki bar ta ta kula da manazarta, jerin majiyoyin hotuna kuwa ki rubuta shi da hannu. EndNote, wata manhaja irin Zotero, tana da hanyar kasa manazarta rukuni-rukuni a cikin Word, a manhajar rubutu ta LaTeX kuma biblatex, mai tsara mata majiyoyi, yana ba da damar liƙa wa majiyoyin hotuna wata kalma ta alama, sannan a buga jeri biyu, ɗaya na masu alamar, ɗaya na marasa ita. Ko wacce kike amfani da ita, ki buɗe jadawali guda yau ɗin nan, layi ɗaya ga kowane hoto, da gurbin lamba da take da mai shi da majiya da shafi da izini. Guraben da suka zauna fanko su ne ainihin aikin da ya rage miki, kuma ina zaton za ki ga bai kai yadda yake a zuciyarki da dare ba.

Samfurin da saƙon su fita a cikin kwana uku, binciken hotuna taran ya gudana yayin da kike jiran amsa. Rubuta jerin na ƙarshe kuwa ki bar shi sai an daina ƙara hoto ko cirewa, domin cire hoto na 17 kaɗai zai ja duk lambobin da ke bayansa baya da ɗaya, kuma jerin da kika rubuta da hannu ba zai gyara kansa ba. Kafin ki kai kundin wurin bugawa, ki sami ƙawar nan taki ta riƙe jerin tana karanto lamba da majiya, ke kuma kina buɗe shafukan kina dubawa ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya ba da sa'a, kuma ki rubuto mini abin da Farfesa da Dakta suka ce a kan samfurin.